Daga Dandali Zuwa Fuloti: Tarihin Unguwa da Cinikin Gida a Birnin Kano

Gabatarwa

Mu mutanen yammacin Katsina, wato Yasore da sauran garuruwan da ke tsakanin Batsari da Safana, mun daɗe da sanin hanyar birni. Kakanninmu sun san ta da fatauci, iyayenmu sun san ta da cirani da almajiranci, mu kuma mun san ta da neman ilimin zamani da aikin gwamnati. A 'yan shekarun nan kuwa wasu daga cikinmu sun san ta da gudun hijira. Sai dai akwai bambanci tsakanin tafiyar da da ta yanzu. A da mutum kan sauka a unguwa ne, a hannun fatoma ko malami ko ɗan garinsu, a fara tambayarsa daga ina yake, kuma ɗan wane ne. Yanzu a hannun dillali yake sauka, tambayar farko kuwa ita ce nawa ya zo da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda aka yi gida ya zama haja kamar goro ko atamfa, da kuma abin da wannan ya jawo wa filayen da jama'a suka yi tarayya a kansu, irin su dandali da kududdufi da filin Idi. Mun zaɓi Kano domin ita ce mafi girma a biranen ƙasar Hausa, kuma tarihinta ya fi samun masu rubutawa. Daga nan za mu waiwayo Katsina, mu rufe da abin da ya rataya a wuyanmu mu marubuta.

Birnin da Ya Bar wa Kansa Fili

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) da na Muhammadu Nazaki (1618-1623). Abin lura shi ne magabata ba su ja ganuwar daidai bakin gidajensu ba. Sun haɗa da gonaki da makiyaya da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe, kada yunwa ta ci shi kafin mashi. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin dubu 30 zuwa dubu 40, ya kuma rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, shi ma ya tarar da yawancin arewa da yammacin birnin a buɗe.

Su kansu unguwannin, sunayensu kaɗai sun isa littafin tarihi. Madabo ta shahara da malaman da suka samo asali daga Wangarawa, waɗanda suka fara zuwa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Sharifai ta zuriyar sharifai ce, Zangon Barebari na mutanen Barno, Tudun Nufawa na Nufawa, Agadasawa na mutanen Agadas, Ayagi kuma ta Yarabawa. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan Arewacin Afirka ne, domin kafin zuwan Nasara su ake kira Turawa. Soron Ɗinki kuwa sana'a ce ta ba shi suna. A wajen ganuwa ga Fage, inda ayarin raƙuma ke yada zango. Ashe ke nan unguwa mutane ne da wani abu ya haɗa, ko asali ko sana'a ko malami, kafin a zo ga maganar gine-gine.

Kowace unguwa tana da wuraren da ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Akwai ƙofar gidan mai unguwa da dakalin majalisar dattawa. Akwai kududdufi, wanda ramin da aka haƙi ƙasar tubali ne, da damina ya kwashe ruwan da zai rushe gidaje, da rani a yi wanki a shayar da dabbobi. Sai kuma dandali, inda 'yanmata ke gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa, yara na shirya tashe idan azumi ya kai goma. A nan ake ganin juna, a nan neman aure ke farawa a idon jama'a, a nan kuma yaro ke koyon tatsuniya da kacici-kacici da salon magana. Duk marubucin da ya haura shekara arba'in, idan ya bincika zai ga rabin Hausarsa a dandali ya tsince ta.

Yadda Ake Samun Gida a Da

A tsarin sarauta, ƙasa amana ce a hannun Sarki. Baƙon da ke son zama zai bi ta hannun mai masaukinsa zuwa ga mai unguwa, a nuna masa kango ko fili, ya kai gaisuwa, ya yi gini. Abin da ya mallaka shi ne ginin da haƙƙin zama, 'ya'yansa kuma su gada. Malaman jihadi ba su bar wannan batu kara zube ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, inda ya bi fiƙihun Malikiyya wajen bayanin raya mataccen fili da kuma harimi, wato filin da ake bar wa gari ko rijiya domin amfanin jama'a, wanda ba a yarda mutum ɗaya ya killace ba. Abin da Bahaushe ke kira hurumi ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ba a sayar da gida a wancan zamani. Ana sayarwa, musamman a birnin kasuwanci irin Kano. Kundin shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, wanda masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani sashe nasa ya buga a 1994, yana ɗauke da ƙararraki a kan gidaje da gonaki da gado. Amma ciniki ne mai shinge. Sai da sanin mai unguwa da shaidar maƙwabta. A shari'a kuma akwai shufu'a, wadda ta ba abokin tarayya a gidan da ba a raba ba damar karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. Malikiyya ba ta ba maƙwabci wannan haƙƙi ba, amma al'ada ta ba shi, domin abin kunya ne mutum ya sayar da gida bai fara yi wa na jikin katangarsa tayi ba. Saboda haka unguwa ke zaɓen wanda zai shigo cikinta.

Zuwan Nasara da Takarda

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Bayan wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908, sai aka kafa dokar ƙasa ta 1910, wadda ta sanya dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe domin amfanin 'yan ƙasa. A cikin birni Sarki da 'yan majalisarsa suka ci gaba da rabon fili kamar da, amma a waje sai aka shigo da sabon abu, wato fili mai awo da lamba da takardar izinin zama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. A nan ne aka fara ganin layuka miƙaƙƙu da gidan haya mai ɗakuna a jere, wanda aka gina domin ya kawo kuɗi.

Su kuwa Turawan sai suka ware wa kansu Nasarawa. Ƙa'idar Lugga ta tanadi a bar tazarar yadi 440 ba gini tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa, wai domin gudun zazzaɓin cizon sauro. Suka shuka itatuwa, suka yi filin sukuwa da na ƙwallon dawaki da na golf. Waɗannan su ne wuraren shaƙatawa na farko irin na zamani a Kano, kuma ba domin talaka aka yi su ba. Shi dandalin talaka bai shiga taswirar kowa ba, ba shi da lamba, ba shi da takarda. A lokacin babu wanda ya damu, tun da fili ya ishi kowa. Illar ba ta fito ba sai da jama'a ta ƙaru.

Ƙidayar 1952 ta sami mutum wajen dubu 130 a Kano, ta 1963 ta sami kusan dubu 300. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar ƙasa a 1962, aka kuma ɗauko wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya zana shirin raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Shirin ya yi tanadin hanyoyi da unguwannin masana'antu da filayen da za a bari a buɗe, amma garin ya riga shirin gudu.

Dokar 1978 da Awon Igiya

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur ya shigo, fari na 1973 kuma ya koro dubban mutane daga karkara da ƙasar Nijar. Gwamnati ta gina rukunin gidaje irin su Kundila da Gwammaja domin ma'aikata, amma ɗigon ruwa ne a kan yashi. Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen birni a hannun Gwamnan jiha. Shi ke ba da takardar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma ba a sayar da fili mai takarda ko a jinginar da shi sai da amincewarsa. An ce manufar ita ce a hana 'yan kaɗan tara filaye. Abin da ya faru shi ne takardar ta zama abin da banki ke karɓa ya ba da rance, sai fili ya koma wurin ajiyar dukiya, musamman daga 1986 da darajar naira ta fara zubewa. Mai kuɗi ya gane cewa gara ya binne kuɗinsa a ƙasa da ya bar su a banki.

Talakan da bai san kowa a ma'aikatar ƙasa ba sai ya nufi gefen gari. Manomi ya ga abin da fuloti ɗaya zai ba shi ya fi abin da gonar za ta ba shi a shekara goma, sai ya kira dillali, a zo da igiya da turaku a yanka gonar, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina yawancin Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe. Ba za mu zagi awon igiya ba, domin shi ya rufa wa miliyoyin mutane asiri a lokacin da hukuma ta kasa. Amma mai yanka gona ba ya samun ko kwabo daga dandali. Duk taƙin da ya bari na hanya ko magudanar ruwa ko filin wasan yara, asara ce a wurinsa. Shi ya sa za ka yi tafiya mai nisa a waɗannan unguwanni ba ka ga inda yara goma za su buga ƙwallo ba, wani lungun ma ko makara ba ta juyawa a cikinsa sai da dabara.

A cikin ganuwa kuwa gado ne ya yi aikin. Gidan da kaka ya gina, jikoki arba'in suka gada, ba ya rabuwa sai an sayar. Mai saye kuma sau da yawa ɗan kasuwa ne da ke son shaguna ko wurin ajiye kaya, musamman a kewayen Kurmi da Kantin Kwari. Sai soro ya koma shago, 'yan gida su watse, wani Ɗorayi wani Hotoro. Kududdufai aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwan sama ya rasa masauki sai ɗakunan mutane. Ita kanta ganuwar, an ci wurare da dama nata da gini da ɗibar ƙasa. Zuwa ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 na ƙwaryar Kano sun kai mutum miliyan 2.8.

Wa Ke da Filin Kowa?

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa tunanin wurin shaƙatawar talaka ba. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina gidan namun daji a farkon shekarun 1970, har yau kuma nan ne yara ke tururuwa da bukukuwan Sallah. Sai dai wurin da za ka hau mota ka biya kuɗin shiga sau biyu a shekara ba ya maye gurbin filin da ke bayan gidanku.

Manyan filayen gwamnati su ma ba su tsira ba. Gwamnatoci daban-daban sun riƙa yanka gefen makarantu da asibitoci da maƙabartu da jikin ganuwa ana yin shaguna, da hujjar samar da kuɗin shiga da wurin sana'a. Rikicin ya fito fili a watan Yuni 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi na Ƙofar Mata, tana mai cewa gwamnatin da ta gabace ta ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka kai ƙara, suka ce da takardunsu suka saya. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin ɗaya ne: filin da ba shi da mai tsaya masa, wata gwamnati za ta sayar, wata ta rushe, jama'a kuma su biya kuɗin duka biyun.

A wasu ƙasashe ma ba kyauta aka sami irin waɗannan wurare ba. A 1840 talakawan gabashin Landan, waɗanda cunkoso da cuta suka addaba, sun tara sa hannun mutum dubu 30 suka kai wa Sarauniya Biktoriya koke. Sakamakonsa shi ne lambun da aka buɗe a 1845 aka sa masa sunanta, wanda yake nan har yanzu. Abin da ya tsare shi shi ne an rubuta shi a doka, kuma mutanen unguwar sun san nasu ne.

Katsina Ta Bi Sahu

Mu dawo gida. Barth ya bi ta Katsina a 1851 kafin ya isa Kano, ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma mazauna ciki ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba. Birnin ya daɗe a haka cikin yalwa, da unguwanninsa irin su Masanawa da Gambarawa da Albaba da Yarinci da Rafindadi, da Filin Kangiwa a ƙofar fada inda ake hawan Sallah. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ma'aikata suka kwaso daga Kaduna, haya ta yi tsada, gonakin bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Marusa suka koma fulotai. Abin da ya ɗauki Kano shekaru masu yawa, Katsina ta yi shi cikin ɗan lokaci.

Sai kuma masifar 'yan bindiga ta auko wa yankinmu na bakin dajin Rugu. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari, a watan Afrilu kuma aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A waɗannan shekaru iyalai da yawa sun bar gidajen gado, wasu suka tsaya Batsari, wasu suka wuce Katsina, wasu Kano, wasu suka tsallaka ƙasar Maraɗi. Mai hali ya sayar da shanu ya sayi rabin fuloti a bayan gari, marar hali ya fake a kangon da ba a gama ginawa ba. Mutumin da ya baro garin da kowa ya san kakansa, ya wayi gari a layin da maƙwabcinsa bai san sunansa ba, 'ya'yansa kuma ba su da wurin wasa sai bakin kwata. Ya sami rufin ɗaki, amma unguwa sai an sake gina ta, kuma ba ta ginuwa idan babu wurin haɗuwa.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, mun fi kowa cin gajiyar unguwa. Da yawanmu da sunanta muke sa hannu, daga masu Yakasai da Fage da Gwammaja har zuwa Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa. Amma idan muka duba littattafanmu na ƙagaggun labarai tun daga shekarun 1980, za mu ga jarumanmu sun fi zama a katafaren gida mai maigadi a Nasarawa, da wuya a ji wane ne maƙwabcinsu. Alhali labari yana can inda muka baro: ranar da 'yan gado suka zauna rabon kuɗin gidan kakansu, tsohuwar da ta ƙi fita daga ɗakinta bayan an sayar, dillalin da ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ɗan gudun hijirar da ya zama mai unguwa a wurin da jiya gona ne.

Bayan ƙagaggen labari akwai aikin adana tarihi. Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji ya bar mana Kano Ta Dabo Cigari a 1958, amma tarihin sarakuna ya fi yawa a ciki. Tarihin unguwa yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Muna ba da shawara kowane reshe na ƙungiyarmu ya ɗauki unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya a shekara, a rubuta asalin sunansa, da inda dandalinsa yake ko ya kasance, da sunayen kududdufai da rijiyoyi da itatuwan da ake zama a ƙarƙashinsu, da shekarar da aka gine su idan an gine. Mu malaman makaranta muna iya ba ɗalibanmu wannan a matsayin aikin hutu. A buga a wannan mujalla, a kai wa mai unguwa da hakimi da hukumar tsara birni kwafi. Tarihin da muka bi ya nuna cewa filin da ba a rubuta ba shi ake fara cinyewa, rubutu kuwa sana'armu ce. Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa.